Haniniya a Ƙasar Raƙumi

Gaisuwa ta musamman ga 'yan'uwa da ke jin mu a nan Tamanrasat ta Aljeriya, mazauna Gata'al Wad da Tahaggart da masu kasa kaya a kasuwar Asihar, da waɗanda muryar nan ke iske su a Arlit da Agadas da Tawa, har can Damagaram da Kano.

Yau maganar doki na zo da ita. Na san wani zai ce, Malam, doki kuma a Tamanrasat? Ai nan garin raƙumi ne da Toyota. Da gaskiyarsa. Mutum zai iya shekara a garin nan bai ga toroso a hanya ba. Ni ma haka na ɗauka, sai wata asuba cikin hunturu, ina dawowa daga masallaci a ƙudundune cikin bargo, na ji haniniya daga bayan wata katanga a gefen gari. Cak na tsaya. Wanda ya tashi a gidan da ke da turke ya san haniniya iri-iri ce. Akwai ta ingarman da ya hango goɗiya, akwai ta firgita, akwai kuma wata 'yar ƙasa-ƙasa da doki ke yi ta hanci idan ya ji takun mai ba shi abinci. Wannan ta ukun na ji, sai ga ni a zauren kawuna a Kano, ina yaro, da ƙwaryar dusa a hannu.

Kwana uku ina wucewa ta ƙofar kafin na yi sallama. Da Larabci na yi ta, aka amsa mini da Hausa, Hausar Damagaram. Wani dattijo ne ya buɗe, hannunsa duk dusa. Gidan na wani ɗan gari ne mai son dawaki, dattijon kuwa shi ke kula da bargar. Ƙaramar barga ce: dawaki huɗu a ƙarƙashin rumfar kwano, ɗaki guda na ajiye sirdi da linzami, sai fili mai yashi inda yaran mai gida da na maƙwabta ke koyon hawa da la'asar. Amma abin da ido ke fara sauka a kansa, wanda ya fi komai girma a gidan, tankin ruwa ne.

Na ce, "Baba, wannan tanki ai ya ishi unguwa." Ya ce, "Malam, shi ne doki na biyar. Shi nake fara dubawa da safe, kafin sauran."

Ku riƙe mini maganar nan tasa, domin a kanta duk sharhin yau ya rataya. Doki mai matsakaicin jiki, yana tsaye a inuwa ba ya aikin komai, yakan sha lita 25 zuwa 30 a rana. In zafi ya buɗe, ko ya yi gudu ya jiƙe, abin na iya haura lita 50. Kuma kullum ne, ba a ce masa ya yi haƙuri sai jibi. Da gumi yake sanyaya jikinsa kamar ɗan'adam, gumin kuma da gishiri yake fita, shi ya sa kuke ganin farin busasshen kumfa a wuyansa bayan sukuwa. Raƙumi kuwa yakan yi kwanaki bai sa ruwa a baki ba, ranar da ya samu ya zuƙe lita 100 a tsayuwa ɗaya ya wuce. To, ga mu a garin da ruwan saman shekara guda bai cika wuce milimita 50 ba, abin da hadari ɗaya na watan Agusta ke iya zubarwa a Kano cikin dare guda. Ku da kanku ku yi lissafin wanda zai zauna a nan tsakanin su biyun.

Duk da haka, doki ya riga raƙumi sanin wannan ƙasa. Shaidar tana jikin duwatsu. Wanda ya taɓa shiga Ahaggar, ko ya je Tasili wajen Janet, ya ga zane-zanen da mutanen da suka bari a bangon kogo. Na farko-farko akwai giwa da raƙumin dawa da dorina, sai garken shanu masu manyan ƙaho, tun lokacin da hamadar nan take da tafkuna da ciyawa. Bayan shanu sai ga dawaki, suna jan keke mai ƙafa biyu, ƙafafunsu a miƙe gaba da baya kamar ba sa taɓa ƙasa, mutum na tsaye a kan keken riƙe da kamazuru. Masu bincike na sa farkon wannan zamani wajen shekara 3,000 da suka wuce. Wani Bafaranshe, Henri Lhote, ya kwashe watanni daga 1956 shi da mutanensa suna kwafar zanen Tasili, har duniya ta san da su, kuma a 1982 UNESCO ta sa wurin cikin kayan tarihin duniya. Tun ƙarni na biyar kafin haihuwar Annabi Isa, Bagirken nan Herodotus ya ba da labarin mutanen Garama na Fezzan, a Libiya ta yau, masu keken da dawaki huɗu ke ja. Sai a zanen ƙarshe, wanda bai kai na baya kyau ba, raƙumi ya bayyana, doki ya yi ta raguwa har ya kusa ɓacewa daga bangon. Babu wanda ya kori doki da mashi. Rijiyoyi ne suka yi nisa da juna, tafiyar yini ta koma ta kwana huɗu, doki ya kasa.

Ko Faransawa da suka ci arewacin Aljeriya a bayan dawaki, da suka doso kudu sai suka sauka. A 1902, shekarar da aka gwabza da Abzinawan Kel Ahaggar a Tit, ɗan arewa da nan, hafsansu Laperrine ya kafa rundunonin Sahara, kuma a kan raƙuma ya ɗora su, da Larabawan Sha'amba da suka san hanya.

Me ya sa yau ake iya jin haniniya a Tamanrasat? Kun san amsar, ku da kuka riski lokacin da ake bin motar ruwa da jarka. A 2011 aka buɗe bututun da ke kawo ruwa daga In Sala, tafiyar kilomita 750, ana tura shi da injina yana hawa tudu, domin garin nan yana kusan mita 1,400 sama da teku. Wato ruwan da ke cikin bokitin dokin nan ya yi tafiyar da ta fi Kano zuwa Agadas kafin ya iso bakinsa. Na faɗa wa dattijon haka, ya gyaɗa kai. Na lura ko ruwan da ya wanke bokiti da shi ba ya zubarwa, gindin wata 'yar bishiya yake kai shi.

Abincin ma baƙo ne. A gida mun saba da harawar wake da ta gyaɗa, da ƙowa, da dusar gero, da dawa, ga kanwa a jiƙa. A nan sha'ir ne da ɗaurin busasshen karan alkama, manyan motoci ke saukowa da su daga arewa ta Gardaya da In Sala, sai ɗanyar ciyawar nan da Larabawa ke kira fassa, wadda ake nomawa a lambuna irin na Abalesa. Dattijon ya ce abin da yake kewa a aikinsa shi ne ƙamshin harawa idan an kwance dami. Kanwa kuwa bai yarda ya rabu da ita ba, saƙo yake bayarwa a taho masa da ita daga Nijar.

Bari in ba ku yadda safiyarsa take, domin na yi sammako sau da yawa na tarar da shi. Kafin ya taɓa bokiti, tsayawa yake ya duba. Ya dubi toroson kowane doki: yawansa, laushinsa, ko ya bushe ya yi tauri. Ya leƙa kwami ya ga wanda ya bar abincin dare. Ya bi ƙafafu da tafin hannu tun daga gwiwa har kofato, yana neman zafi ko kumburi. Duk wannan ba ya ɗaukarsa minti goma, amma a nan yake gane wanda zai hau yau da wanda zai huta. Sa'an nan ruwa, kuma ruwa kafin hatsi, ba ya juya wannan tsari. Sai ya zauna da rariya ya tankaɗe sha'ir, ya tsince tsakuwa, ya jiƙa shi kaɗan.

Rariyar nan ce ta fi ba ni sha'awa. Cikin doki ƙarami ne in an gwada da girman jikinsa, bai wuce ya ɗauki lita 15 ba. Allah ya halicce shi ya riƙa tsinkar ciyawa kaɗan-kaɗan kusan yini da kwana. Kuma doki ba ya amai. Abin da ya shiga ya shiga, hanya ɗaya ce. Idan ana zuba masa abinci a ƙasa, a wuri irin wannan, yana haɗiyar yashi yau da gobe, yashin na kwanciya a hanji, har wata rana a wayi gari yana tonon ƙasa da ƙafar gaba, yana waiwayen cikinsa, yana neman birgima. Ciwon ciki ke nan, kuma shi ne babban mai kashe dawaki a ko'ina. Saboda haka a bargar nan ba a sa ko tsinke a ƙasa. An yanka tsofaffin ganguna an yi kwami, an ɗaga su, kuma sau uku zuwa huɗu ake raba abincin a rana maimakon a jibga shi sau ɗaya.

Sai kofato. A ƙasar Hausa yawancin dawakinmu ba su san takalmin ƙarfe ba, domin ƙasarmu rairayi ce mai laushi. Ahaggar kuwa dutse ne da wuta ta amayar tun zamanin da, baƙi mai kaifi, yana cin kofato kamar magagari. Kofato bai fi ya tofo santimita ɗaya a wata ba, dutsen kuma ba ya jira. Dole a sa takalmi, a kuma cire a datse a mayar bayan mako shida zuwa takwas. Ga sanyi. Baƙo na jin an ce Sahara sai ya zaci wuta ce kullum, mu kuwa mun san daren Disamba da Janairu a nan, lokacin da ruwan buta ke cizon hannu. Kowane doki a rumfar nan yana da bargonsa, dattijon ne ya ɗinka da basilla.

Su dawakin, irin na Magrib ne, wanda ake kira barb: ba su da tsawo sosai, goshi da ɗan doro, ƙugu a zube, wutsiya a ƙasa-ƙasa, ga jimiri da haƙurin yunwa. Cibiyarsu a Aljeriya tana Tiyarat, fiye da kilomita 1,500 arewa da nan, inda akwai gidan kiwon dawaki na gwamnati a Shawshawa tun 1877. A 1987 aka kafa ƙungiyar duniya ta masu kula da wannan iri a birnin Aljiyas. A kan irin waɗannan dawaki Amir Abdulƙadir ya yi shekara goma sha biyar yana fafatawa da Faransa, daga 1832 zuwa 1847, kuma saninsa na doki ya kai har Janar Daumas na Faransa, wanda ya wallafa littafi kan dawakin Sahara a 1851, ya riƙa aika masa da tambayoyi yana amsawa.

Da na tsaya ina kallonsu, sai na ga kamar na san su. Ai dangin namu ne. Shekaru aru-aru fatake na ratsa hamadar nan da dawakin Magrib zuwa Barno da ƙasar Hausa, raƙuma na ɗauke musu salkunan ruwa, wani lokaci har da nonon taguwa ake shayar da su. Hasan al-Wazzan, wanda Turawa ke kira Leo Africanus, ya rubuta a farkon ƙarni na 16 cewa Sarkin Barno na biyan bayi 15 zuwa 20 a kan doki guda. Wannan lissafi yana sosa mini rai duk lokacin da na tuna shi, kuma ba na so mu riƙa tsallake shi idan muna yabon barade: mutane aka kora arewa a ƙasa domin dawaki su zo kudu. Littafin Tarihin Kano ya ce Sarki Kanajeji, wanda ya yi mulki daga 1390 zuwa 1410, shi ya fara kawo lifidi da kwalkwali da sulke. Zamanin Muhammadu Rumfa kuwa, 1463 zuwa 1499, Shehu Magili ya taso daga Tilmisan ta Tuwat, duk a Aljeriyar nan, ya sauka Kano. Hanyar da ta kawo malami da littafi ita ta kawo sirdi.

Harshenmu ma bai ɓoye ba. Sirdi daga sarj na Larabci yake, linzami daga lijam, likkafa daga rikab. Baƙin doki muna ce masa akawal, Abzinawa kuma da kawal suke nufin baƙi. Dokin da ake ji da shi a da, ɗan Asbin ake ce masa. Ranar da na kira wani baƙin ingarma a bargar da akawal, wani yaro Ba'abzine da ke riƙe da ragamarsa ya juyo yana murmushi, ya gane kalmar ba tare da tafinta ba. Su a bakinsu doki ayis ne. Dattijon kuwa har yau da Hausa yake kiran dawakinsa, da Hausa yake rarrashinsu: akwai kili, akwai bikili, akwai hurde mai ɗigo-ɗigo, kuma duk suna ɗaga kunne.

Da la'asar sakaliya yara ke zuwa. A nan na ga abin da ya sa na ce sai na kawo muku wannan magana. Yaro sabon zuwa ba ya hawa. Makonsa na farko tsintsiya ce da bokiti: ya kwashe toroso, ya ɗebo ruwa, ya goge jikin doki, ya tsefe geza. Ana koya masa ya doso doki ta kafaɗa yana magana, kada ya ɓullo masa ta baya, domin doki ba ya ganin abin da ke daidai bayan wutsiyarsa, kuma abin da bai gani ba harbi yake kai masa. Ana koya masa karanta kunne: in ya kwantar da su baya, ja da baya kai ma. Sai a mako na biyu a ɗora shi a kan jalala kawai, babu sirdi babu likkafa, dattijon na riƙe da doguwar igiya, doki na zagaye shi. Yaro ya koyi zama da cinyarsa da ƙugunsa, ya koyi taƙama da sassarfa, ya faɗo a yashi ya tashi ya koma. Akwai 'yar mai gidan a cikinsu, ba ta fi shekara tara ba, kuma ta fi duk mazan zama daram.

Linzami shi ne na ƙarshe. Wani yaro ya yi ta naci a ba shi, na ji dattijon ya ce masa da Larabcinsa na ci-rani, sa'an nan ya maimaita mini da Hausa: "Ɗana, bakin doki nama ne irin naka. Sai hannunka ya yi sanyi za a ba ka ƙarfe."

Wanda bai taɓa juya linzaminmu na gargajiya a hannu ba, bari in kwatanta masa. Ƙarfe ne mai harshe da ke kwance a kan harshen doki, da zobe da ke zagaye haɓarsa. Ka ja kamazuru, harshen ƙarfen ya tashi ya daki ganɗa, zoben ya matse haɓa. Irin sa ne a Magrib, kamar yadda faffadar likkafarmu mai kaifin gefe take irin tasu. Da shi ake zamiya: doki na tsakiyar sukuwa a tsayar da shi wuri guda, ya zauna a kan ƙafafun baya, ƙura ta tashi a gaban sarki. A hannun gwani, taɓawa kaɗan ta isa. A hannun wanda bai iya ba, wuƙa ce.

Ni na san haka da hannuna. Ina ɗan shekara goma sha huɗu na ɗauki dokin kawuna ba da saninsa ba, na fita bayan ganuwa, na yi ta zamiya a gaban abokai har kumfar bakinsa ta koma ja. Da na dawo kawu bai ɗaga murya ba. Ya buɗe bakin dokin ya ce in leƙa. Na ga ganɗa a tsage. Ya ce tunda ba zai iya tauna dawa ba, ni zan riƙa dama masa dusa da ruwa-ruwa ina ba shi, safe da rana da dare, har ya warke. Kwanaki na yi ina wannan aiki, kuma duk lokacin da na miƙa hannu wajen kansa sai ya kauda fuska. Wannan kauda fuskar ta fi mini bulala ciwo. Har yau in na ga jan kumfa a bakin doki ranar hawa, jama'a na tafi, ni kaina nake sunkuyarwa.

To, bari mu leƙa gida. A watan Disamba na 2024 UNESCO ta sa hawan Sallar Kano cikin al'adun duniya da ake tinƙaho da su, kuma mun ji daɗi. Wanda ya taɓa tsayawa a Ƙofar Kudu ranar Hawan Daushe ya ga abin da ba a mantawa. Amma dubban dawakin nan ba daga bargar sarki kaɗai suke fitowa ba. Da yawansu daga lunguna suke, daga gidajen da ke da turke ɗaya ko biyu, inda wani ke tashi kafin kiran assalatu duk kwanakin shekara saboda hawan da bai wuce 'yan kwanaki ba. Waɗannan ƙananan bargogi su ne ke riƙe da al'adar, kuma su ne ke cikin matsi. Fadamun da ake yankan ciyawa sun zama gidaje. Filin kilisa an yanka shi fuloti. Harawa da bazara sai mai hali. Abin da hamada ta yi wa doki a nan cikin shekaru dubu, siminti da tsadar abinci na yi masa a can cikin shekaru kaɗan, kuma hanyar ɗaya ce: nisa tsakanin doki da abin da zai ci ya sha.

Kalmar kilisa ma ta sauya ma'ana a kunnen mutane. Asalinta fitar da doki ne ya motsa jini, domin ingarman da ya yini ɗaure a turke ƙafarsa na kumbura, ransa na ɓaci, ya koma cizo da tutsu. Magani ce. Yanzu in an ce kilisa, abin da ke zuwa zuciya shi ne samari a kan dawakin haya, ranar angwanci, suna sukuwa a kan kwalta tsakanin motoci, har hukumomi a Kano sun sha sanar da hana ta a titi. Ba na ƙin samari su hau doki, ina ma a ce kowane yaro ya samu. Abin da ke damuna shi ne dokin hayan nan: tun safe wannan ya sauka wancan ya hau, babu mai tambayar yaushe ya sha ruwa, babu mai ɗaga sirdi ya ga gyambon da ke ƙarƙashi. Wanda ya biya kuɗin awa guda bai taɓa kwashe toroso ba, bai san sunan dokin ba, saboda haka bai san inda zai tsaya ba. Shi ma mai dokin da ke barin dabbarsa da yunwa wata goma, sai Sallah ta matso ya fara ɗura masa hatsi don ya yi ƙiba, ya manta ba a fafe gora ranar tafiya. Hatsi mai yawa farat ɗaya shi ke kawo ciwon ciki da zafin kofato, sai ka ga doki ya kasa taka ƙasa ana saura kwana biyu hawa.

Kakanninmu sun san darajar wannan aiki. Ba banza aka yi sarautar Shamaki da Madawaki da Sarkin Dawaki ba. Yau kuwa ɗan barga shi ne na ƙarshe a wajen biya, shi ne na farko a wajen zargi in doki ya rame. Ina roƙon masu dawaki, na nan da na gida: ku biya shi a kan lokaci, ku saya masa abin da ya ce a saya, kuma in ya ce doki ba zai hau yau ba, ku saurare shi, ko da baƙi sun zo daga nesa. In ciwo ya fi ƙarfin kanwa da jiƙo, a kira likitan dabbobi tun da wuri, kada a jira dabba ta kwanta.

Akwai wani abu kuma da ke tsaya mini a rai game da dattijon nan. Kowa a cikinmu ya san zaman ci-rani a garin nan ba shi da tabbas, yau kana bakin aikinka, gobe an kora ka iyakar Nijar ta In Gezzam da Asamaka. Abin da ya sani game da dawakin nan huɗu ba a rubuce yake ba. Shi ya san kili ba ya shan ruwa in ana kallonsa, shi ya san hurde na tsoron ledar da iska ta ɗauko. Na tambaye shi, "Baba, in ka tafi gida fa?" Ya nuna yaran da ke share fili da haɓarsa, bai ce komai ba, ya ci gaba da tankaɗe.

Daren Alhamis da ta wuce na biya ta can bayan isha'i. Iskar dutse na kaɗawa, na tarar da fitila a kunne. Bikilin ne ya ƙi cin abincin yamma. Dattijon ya kwashe abin da ke kwamin, ya riga ya aika a gaya wa mai gida, yana jan dokin a hankali suna zagaya fili, ya tsaya, ya sake ja. Can sai ya ba ni ragamar, ya cire hularsa, ya manna kunnensa a kwiɓin dokin, ya ɗaga mini hannu in yi shiru. Cikin doki mai lafiya ba ya rabuwa da ƙugi, shirun ne abin tsoro. Muka tsaya haka, ni da shi da dokin, ba ka jin komai sai kwanon rumfa na motsi. Ya koma ɗaya gefen ya sake saurare. Sa'an nan ya miƙe, ya mayar da hularsa, ya ce, "Alhamdu lillahi, yana magana." Ya karɓi ragamar, ya ce in tafi in kwanta, shi zai ƙara zagaye biyu.